Baƙon Malama Hawaou

Wasiƙa uku Malama Hawaou ta rubuta wa komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kafin aka amsa mata. Amsar layi biyu ce: ranar Alhamis, ƙarfe goma, za a turo birgadiyen 'yan sanda ya yi wa 'yan ajinta magana a kan aikin ɗan sanda.

Shekarar 1976 ce, kuɗin fetur ya sa gine-gine na tsirowa a Libreville, babban birnin Gabon, kamar ciyawar damina. Duk yaron da ya iya ɗaukar bokitin siminti sai ya ga zaman aji ɓata lokaci ne. Ajin Hawaou, a wata 'yar makarantar 'ya'yan 'yan kasuwa da ke unguwar Okala, ya fara shekara da yara talatin da ɗaya, yanzu saura goma sha tara. Direktan makarantar ya ce in suka gaza goma sha biyar zai rufe ajin. Ita kuwa ta lura ba abin da ke burge yaran nan kamar mai kaki.

Goma saura kwata sai ga mobilet, ɗan ƙaramin babur, ta shigo. Mutumin da ke kai ya miƙe sambal kamar ya haɗiyi taɓarya. Kakinsa na walƙiya, karin wandon zai iya yanka tumatir, ƙamshin sitati kuwa ya riga shi isowa. Takalmin roba ne a ƙafarsa, amma wa ke kallon ƙafa a irin wannan rana?

Ya yi sallama da Hausa tsantsa. Hawaou ba ta taɓa jin akwai Bahaushe cikin 'yan sandan garin ba, sai murnarta ta ninku.

"Malama, sunana Abdulƙahar. Birgadiye ya iso..."

"Ai na gani da idona! Bismilla!"

Ta tasa shi gaba har cikin aji. Yara goma sha tara suka miƙe zumbur suka sara masa. Ya tsaya yana kallonsu, bakinsa a buɗe. Can sai ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Aka ba shi kujera, ya ce shi ba zai zauna ba.

Ƙulu, sarauniyar tambaya ta ajin, ita ta fara: shekara nawa yana aiki?

"Tara nake yi wa komisariya hidima. Ko ranar Lahadi ban sani ba."

Daga bencin baya Souleymane ya ɗaga hannu. Shi ne babba a ajin, kuma ya riga ya shaida wa kowa ranar Litinin zai koma wurin gini, yara biyar za su bi shi.

"Yallaɓai, kana duka?"

"Kullum! Da asuba nake farawa. In jiƙa tukuna, in buga da dutse, in matse, sannan in shanya a rana."

Souleymane ya zaro ido.

"Har manya?"

"Na kwamishina ma ban ƙyale ba."

Hawaou ta yi tari, ta roƙe shi ya koma kan yadda ake gane marar gaskiya.

"Wuyan riga," in ji shi. "Baki na ƙarya, wuyan riga ba ya yi. Kuma kafin komai, a laluba aljihu."

Ya bi layi yana duba rigunan yara ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ci wake da manja jiya. Wannan ta hau bishiyar mangwaro. Souleymane kuwa ya je wurin siminti ranar da ya ce zazzaɓi yake yi. Duk ya faɗa daidai. Yara suka kaure da tafi, har Direkta ya leƙo ya tsaya a ƙofa yana gyaɗa kai. Souleymane ya ce shi gini ya fita ransa, wane aji ake kaiwa kafin a ɗauki mutum ɗan sanda? Hawaou ta ji kamar ta yi guɗa.

Ana cikin haka Ƙulu ta hango wani ta taga. Ƙato ne mai tumbi, daga shi sai singileti da tsohon wando. Yana raɓe a bayan banɗaki, ya leƙo, ya duba agogo, ya sake laɓewa.

"Ga wani can! Ko wuyan riga ba shi da shi!"

"Ya ɓoye shaida," in ji Souleymane.

Kafin Hawaou ta buɗe baki aji ya watse. Aka kifa wa mutumin buhun gari a ka, aka naɗe shi da igiyar tsalle, aka lalube aljihunsa. Yana ta zuba Faransanci daga cikin buhu, ba mai saurara. Ƙulu ta sheƙa masa bokitin ruwan goge allo.

Suka jawo shi har gaban baƙo, suna haki, fuskokinsu cike da alfahari.

"Yallaɓai, mun jiƙa shi," in ji Souleymane. "Mu buga ko mu matse?"

"Ku cire buhun mu gani tukuna."

Aka cire. Mutumin ya yi atishawa, gari ya tashi. Ya ɗago jajayen idanu ya kalli hular, ya kalli rigar, ya gangara har kan takalmin roba.

Abdulƙahar ya durƙusa, karo na farko da ya lanƙwasa gwiwa tun isowarsa. Ya fara ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe Birgadiye, ga wankin naka na kawo. Sawa na yi don kar ya yamutse a hanya."