Ɗan Layin Ƙasa

Ɗalibata ta ajiye alli. Jinyar mahaifiyarta ta cinye mata zango, ta tashi da maki 25 cikin ɗari a aikin aji mai kashi arba'in, wato maki 10 ke nan a jimilla. Saura jarrabawa mai kashi sittin, kuma sai da jimillar 70 ake samun gurbin jami'a.

A allo ta rubuta 10 + 0.6x ≥ 70, wato x ≥ 100.

Na ce, "Haƙuri za ki yi, 'yata."

Ta ɗora yatsa kan ɗan layin ƙarƙashin alamar. "Malam, wannan yana nufin ɗari cif ma ta wadatar. Wurin ya ishe ni tsayawa."

Bayan jarrabawar, sau uku na bi takardarta da jan biro ina farautar kuskure, ban samu ko ɗaya ba. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa shan kaye mai daɗin wannan ba.