Ƙarfen da Ya Daina Ja

Tunda ka ce ciwonka naka ne kai kaɗai, gyara zama ka ji, ba kuwa zan rage maka ko ƙwaya ba.

An yi wani maƙeri, dattijo mai taurin kai, wanda ciwon daji irin na maza ya kama a ƙarƙashin mafitsara, ya bi ya shige masa ƙashi. Shekara biyu yana zaryar asibitin birni, a gida kuwa cewa yake ya tafi sayen tsohon ƙarfe. A ganinsa, ciwon da ya zauna ƙasa da cibiya ba abin da namiji zai buɗe baki ya gaya wa iyali ba ne. Da ƙwayoyi suka gaza, sai likita ya ce saura wata allura. A jijiya ake ɗura ta, ta bi jini tana farautar ciwon duk inda ya ɓuya, ta manne masa, ta ƙona shi da wani haske da ido ba ya gani. Amma da sharaɗi: kwana bakwai ya kwana shi kaɗai, ya ware butarsa da makewayinsa, ya yi ta shan ruwa, mai ciki da ƙananan yara kuwa kada su kuskura su raɓe shi. Maƙeri bai nemi ƙarin bayani ba. Wanda ya shekara hamsin a bakin wuta ya san ƙarfe yakan daina ja bai daina ƙuna ba.

Aka yi masa allurar, ya kamo hanya da dabararsa: zai ce aiki ya taru, ya tare a maƙera har kwanakin su cika. Yana yin sallama sai ga autarsa a tsakar gida, an kawo ta goyon ciki. Wata bakwai ne, cikin da aka shekara tara ana roƙon Allah. Ita ce mai yanke masa farce, ita ce mai cinye sauran tuwonsa don neman albarka. Ta taso da murna za ta karɓi jakarsa, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba, ya juya ya shige maƙera. To, nan dabara ta ƙwace masa. Ya manta irin tarbiyyar da ya yi mata: 'yar halak in uba ya yi fushi ba guduwa take yi ba, matsowa take. Ta kawo fura, ya ce a ajiye a bakin ƙofa. Ta dawo da ruwan alwala, ya ce wa ya aike ta. Kowace kora sai ta ƙara mata taku ɗaya zuwa gare shi. Bakinsa ya bushe kamar tsohuwar salka, allura na cin ƙashinsa, ga shi ya hura wuta yana ƙwanƙwasa ƙarfe don a ce aiki yake, kunnensa na kan takun ƙafarta.

Rana ta uku da hantsi, uwar mijinta ta zo duba ta, ta tarar da ita ido a kumbure, ta ƙi abinci. Mata uku suka nufo maƙera: suruka, da matar maƙeri, da ita autar. Kafin ya ankara, yarinya ta zube a kan gwiwa da tulelen cikinta, ta fara rarrafowa cikin toka, ta rantse ba za ta tashi ba sai ta riƙe ƙafarsa ya yafe mata laifin da ba ta sani ba. Ya ja da baya, ta matso. Ya sake ja, bayansa ya daki bango. Saura taku biyu tsakaninsa da jikan da bai gani ba. Ga suruka a tsaye, matar da ko tari ba ya yi a gabanta. Ya dubi sirrinsa na shekara biyu, ya dubi cikin nan, ya ga dole ɗaya ya faɗi ƙasa. Sai ya sa awartaki ya ɗauko ƙarfen da ya riga ya yi baƙi, ya tsoma a kaskon ruwa. Ruwa ya yi cuuu, tururi ya tashi. Ya ce, "Tsaya nan, auta. Haka nake yanzu." Ya faɗi sunan ciwon, ya faɗi inda yake, ya faɗi allurar da kwanakinta, bai tsallake komai ba, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Suruka ce ta fara kama kafaɗar yarinya ta janye ta har bakin ƙofa. Matarsa kuwa ko gezau. Ta ce, "Malam, shekara biyu ina wanke maka wando, ka ɗauka makauniya ka aura? Ciwon na sani. Nisan da ya kamata a ba ka ne ban sani ba, shi ne kuma ka ɓoye."

A ranar aka ware masa buta da ƙwarya. Auta ta shimfiɗa tabarma can bakin ƙofa, ta ci abinci har da neman ƙari, tana yi masa hira daga nesa. Kwana huɗun da suka rage sun fi ukun farko sauƙi, don gida guda ne ya ɗauki kayan da mutum ɗaya ya so ya kashe kansa da shi. A rana ta takwas ya ɗora hannu a kanta ya sa mata albarka.

Kai ma tashi ka je ka kira iyalinka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.