Matsalar Gado Ce

Ina fitowa daga ofishin likita na tura wa maigidana saƙo: "An gano abin da ya hana ni haihuwa. Matsalar gado ce, kuma ana gyarawa."

Abin da na gada a jini nake nufi, wata ƙwayar halitta da za su gyara da allura.

Kafin in iso gida, bawan Allah ya kwance gadonmu na kwana, ya watso katakon waje, yana hararar sa kamar ya kama kwarto.

"Ashe kai ne munafukin!"

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Ya ce shi dai da idonsa ya karanta.

Ya sayo sabon gado, ni kuma aka yi min allurar. Ciki ya shiga. Har yau kafinta yake yi wa godiya.

Ranar awo sai ga yayarsa mai 'ya'ya tara a layi, ciki tulele, ta cika ta yi fam.

"Yaya, ba kin ce kin gama ba?"

"Rufe min baki! Tsohon gadon naku na roƙa na kwashe don in huta. Tagwaye ne."