Iyakar Sittin da Biyar

"Ba za ta shiga gwajin ba, Likita," in ji ma'aikaciyar jinya, tana turo mata takardar. "Katin shaidarta ya nuna shekara sittin da shida. Ƙa'ida kuwa ta tsaya a sittin da biyar."

Wai ita za a karanta wa ƙa'ida! Ita da ta rubuta ta da hannunta, ta buga tebur a gaban kwamiti ta ce tsofaffi za su dagula sakamako. Shekara goma sha huɗu ta kwashe tana haɗa wannan maganin hanta, daga kwalba zuwa ɓera, daga ɓera zuwa takardun da ba sa ƙarewa, har furfura ta cim mata a ɗakin bincike. Yau da aka fara gwada shi a kan mutane, ga mahaifiyarta a kan benci, idanu sun yi rawaya.

"Shekara ɗaya tak ce fa!"

"Ke kika ce ko kwana ɗaya kada mu ɗaga wa kowa ƙafa."

Ta fito tana huci, ta durƙusa gaban tsohuwar, ta miƙa mata takardar.

Tsohuwar ta dubi takardar, ta dube ta.

"Ai bara sai da na ce ki bar mini katina yadda yake. Shekara uku na rage abina, ban ci na kowa ba. Kika ja ni har ofis aka gyara, wai ke ba a ƙarya a takarda."