Sunan da Mama Rifkatu Ba Ta Faɗa Ba

Wata yamma ina ƙarama, na bi Inna zumuntar mata a ɗan cocinmu na Gumel. A makon nan Baba ya bar gida, kuma Mama Rifkatu, matar fasto, kaɗai Inna ta gaya wa.

Da aka zo addu'a, Mama ta ce, "Wata 'yar'uwarmu tana cikin damuwa, mu tuna da ita."

"Wace ce, Mama?" in ji wata. "Ai sai mun sani za mu yi addu'ar sosai."

Hannun Inna ya yi sanyi cikin nawa.

"Wanda za mu roƙa ya san sunanta. Ku rufe ido."

Inna ta amsa amin cikin muryoyinsu, ba wadda ta juyo ta kalle ta. Har yau amin ɗin nan tana kwantar min da rai.