Ranar da Babansa Ya Ɗauke Shi

Yaya, ya ɗauke shi! Wallahi da hannunsa biyu. Tun ranar da likita ya ce ruwa ke taruwa a cikin kan ɗan nan nawa, babansa ko kallonsa ba ya yi.

Kin san gidan kallon da ke jikin katangarmu. Jiya da la'asar suka sa fim ɗin jirgin 'yan wata duniya, gardama ta kaure. Wani ya ce da farko jirgin bai fi faifai ba, can kuma ya rufe gari kamar Azare. Mai gidan kallon ya ce shi ƙofar ce ta dame shi, 'yar mitsitsiya, wai halittu masu kai kamar tulu ke fitowa ta nan. Baban yaron ya rantse za su iya fitowa.

Sai ga shi ya faɗo gida, ya zare yaron daga bayana. Na leƙa ta hudar katanga, na ga ya ɗaga shi kusa da talabijin.

Ya ce, "Ku duba nan. In wannan kan ya iya fitowa duniya, wace ƙofa ce za ta gagari nasu?"

Yaya, ba ki ji dariya da tafi ba. Har tsayar da fim aka yi don a gwada kansa da nasu da kyau. Ɗana ne ya ci wa babansa gardama.

Sun ce gobe ma a kawo shi, akwai kashi na biyu. Tuni na faɗaɗa wuyan sabuwar rigarsa don kan ya shige. Ki gaya wa Inna ta daina kuka, an fara son shi.