Hannu a Gilashi

"Dafa! Dafa gilashin!" maigida ya daka wa matarsa tsawa, ganin tipar tsakuwa ta tunkaro su.

Ta dafa da tafin hannu tana harararsa. Sau biyu a bana tsakuwa na fasa masa gilashin gaban mota, kuma kowane sabo sai ya lashe masa albashin wata. Tun da wani direba ya ce masa gilashin da aka dafa ba ya tsagewa, ya mai da maganar doka. Digirinsa biyu, amma bai tambayi dalili ba.

Tipar ta wuce, ta janye hannunta. "Na gaji. Aurena ka yi, ko gadin gilashi ka ɗauke ni?"

Kafin ya ba ta amsa, sai ga tipa biyu a jere, tsakuwa na zuba. Ya dube ta, ta naɗe hannu ta kau da kai. Ya dubi gilashin. Sai ya saki sitiyari, ya dafa da hannu bibbiyu.

Motar ta zaɓi hanyarta, ta faɗa ramin gefen titi. Allah ya kiyaye, suka fito lafiya.

Bakaniken da aka kira ya zagaya motar yana girgiza kai. "Yallaɓai, inji ya tashi aiki, ƙafafun gaba sun karye."

"Gilashin fa?"

"Ko ƙwarzane babu. Sai dai a nemo masa wata motar."

Maigida ya juya wajen matarsa, fuska cike da nasara.

"To, kin gani ko?"